Damagarawa, mu je mu nemo yaranmu

Iyaye maza da mata na Birni da Zango, na Sabon Gari da Garin Malam da Kara-Kara, da ku nake.

In an koma makaranta a watan Oktoba, ku daure ku tsaya a ƙofar kowace CEG ta cikin garin nan, ku leƙa ajin sizyam, ajin farko na kwaleji. Yara huɗu a teburin mutum biyu, saura a ƙasa kan tabarma ko tsohon buhu, kaye a cinya, mushe ba ya ma samun hanyar da zai ratsa ya kai bayan aji. To ku zagaya ajin tarwaziyam, na masu shirin rubuta jarrabawar burbe. Can za ku tarar da sarari, har da wurin ajiye jaka. Ina sauran suka shiga?

Ba su ɓata ba, kullum muna gaisawa da su. Ga su a bakin titi da kwalaben ruwa-ruwa a jere kan tebur. Ga su a kan kabu-kabu, wani ƙafarsa da ƙyar take taɓa ƙasa. Suna tura kurar ruwa, suna dako a Kasuwar Dole, suna kiran fasinja a tasha. Wasu sun kama hanyar Agadas, daga can sai Libiya ko Aljeriya. Ƴan matan kuwa, wadda ba ta ɗauke da farantin talla tana ɗakin miji.

Yaro ba ya barin makaranta rana ɗaya. Tun daga firamare abin yake farawa. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a Nijar, cikin yara goma da suka kai ƙarshen firamare, ko ɗaya cikakke ba a samu ba da ya kai matakin karatun da ake bukata. An ɗan samu ci gaba daga baya, amma mafi yawa har yanzu suna isa kwaleji da Faransancin haddar baki. A firamare mushe ɗaya ne, ya san sunan yaron, ya san gidansu. A sizyam malamai ne barkatai, kowa ya shigo ya cika allo ya fita. Yaron ya kwafe abin da bai gane ba, a yi jarrabawa ya samu uku bisa ashirin, a yi masa dariya. Sai ya fara makara. Sai ya fara fashin Litinin, ya haɗa da Alhamis saboda kasuwa. Ƙarshen shekara a miƙo takardar sakamako, a ce ya maimaita ko an kore shi. Uban ya juya takardar gaba da baya, bai iya karanta ta ba, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Shi ke nan. Babu wanda ya taka ya je makarantar, babu wanda ya zo gidan daga makarantar.

Su ma azuzuwan, kun san halinsu. Gwamnati da kanta ta taɓa ƙiyasta cewa azuzuwan zana sun kai kimanin 36,000 a ƙasar. Ajin zana sai an cire amfanin gona an samu kara ake kafa shi, ruwan farko kuma ya tashe shi, shekarar karatu ta guntule ta kai da ta ƙafa. Ran 13 ga Afrilu 2021 gobara ta cinye yara aƙalla 20 a irin waɗannan azuzuwa a unguwar Pays-Bas ta Yamai. Ran 8 ga Nuwamba na shekarar, aƙalla 25 suka rasu a Maraɗi, nan kusa da mu. Ka ƙara da malamin kwantiragi da kuɗinsa ke makara har ya shiga yajin aiki, ya dawo ɗalibai su shiga nasu. Ka ƙara da bazara, lokacin da famfunan Damagaram ke yin shiru, yarinya ta kwana a layin ruwa da jarka, gari ya waye a ce ta tafi ta yi lissafi. Da aka yi burben 2021, kusan ɗaya cikin biyar ne kawai ya ci a faɗin ƙasa. Waɗannan fa su ne suka jure har ƙarshe.

Yanzu ga maganar da ba ma son ji. Akwai masu neman yaran nan, kuma sun fi mu himma. Ƴan pale ne, gungun samarin unguwa. Ɗiyar garin nan, Aisha Macky, ta shiga Kara-Kara da kyamara ta fito da fim ɗin da ta sa wa suna Zinder a 2021, duniya ta ga samarinmu suna ɗaga ƙarafan mota da dunƙulen siminti, jiki duk tabon wuƙa. Wasu sun ji haushi, wai ta tona mana asiri. Wane asiri, abin da ke bakin hanya? Unguwar da tun asali aka ware wa kutare, aka bar ta a baya da makaranta da aikin yi, me ake jira ta haifa? Ran 16 ga Janairu 2015, da aka ƙone coci-coci da cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar a garin nan, kowa ya ga shekarun yawancin waɗanda ke riƙe da duwatsu.

Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan: yaro ya yi kwana biyu bai zo pale ba, shugaban zai aiko a duba lafiyarsa. In an kama shi za a haɗa kuɗi. In an taɓa shi za a rama masa. Ana kiran sunansa, ana ba shi shayi, daga baya a ba shi tramol da adda. Shi kuwa wannan yaron ya yi wata guda bai shiga aji ba, ba wanda ya ce ina wane. Muna ta kiran a ƙaro ƴan sanda. A ƙaro su, amma ɗan sanda ba zai je gidan yaron da ya yi fashin makaranta ba. Wannan aikin namu ne.

Na san akwai dattawan da har yau ba su saki jiki da lakwal ba, kuma ba zan ce ba su da dalili ba. Turawan da suka kawo ta su ne suka ci garin nan da bindiga a 1899, suka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Amma yau babban lisenmu sunansa yake ɗauke da shi. A nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar da ake karantar da yara da Hausa kafin Faransanci, tun 1973. Ɗan garin nan ne André Salifou, wanda ya rubuta tarihin daular Damagaram, jami'ar da aka kafa mana a 2010 kuma da sunansa ake kiranta yanzu. Matatar mai ta SORAZ tana aiki tun 2011 a hanyar Tanut. Ɗan wa zai zauna a ɗakin injinanta, ɗan wa zai tsaya gadi a ƙofa? A 2025 hukuma ta ayyana Hausa harshen ƙasa. To mu da muka fara gwajin nan sama da shekara hamsin da suka wuce, mu ya kamata mu fara buga ƙofa mu ce a koya wa ɗan aji ɗaya karatu da harshen da yake mafarki da shi, a kawo littattafan, a horar da malaman.

Iyaye mata, uwayena, ku ma ga taku. A ƙasar nan ƴan mata uku cikin huɗu ana aurar da su kafin su cika 18. Tun Disamba 2017 akwai dokar da ta ce a kare yarinya a tallafa mata ta ci gaba da karatu. An gina wa ƴan ƙauye gidajen kwana irin na Kelle ta ƙasar Gure. Ɗiyar cikin gari ba gidan kwana take bukata ba. Tana bukatar a sauke mata farantin talla da safe, a samar mata bayan gida mai ƙofa a makaranta, a bar ta ta kai burbe. Kayan ɗakin da ake tarawa da kuɗin tallan, shekara nawa suke yi?

Mai unguwa, Allah ya ja zamaninka, ka san gidan kowa. Ka karɓi sunayen ƴan sizyam da sankyam na unguwarka a hannun daraktan CEG, duk yaron da ya yi kwana uku ba a gan shi ba a aiko maka, ka tura mutum gidansu kafin mako ya fita. Malam liman, huɗuba ɗaya a farkon shekarar karatu ba za ta rage komai ba, kuma yaron da ya riƙe allo da asuba yana iya riƙe kaye da hantsi. Kwamitocin makarantu na CGDES da ƙungiyoyin iyaye, taro ba na ranar karɓar kuɗi kaɗai ba ne. Alhazan kasuwa, wanda ya iya gina bene a Sabon Gari zai iya ɗaukar ajin zana ɗaya ya mai da shi na bulo. Ɗaliban jami'a, ƙannenku na neman mai zama da su awa ɗaya bayan la'asar ya koya musu karatu. Wanda kuma ya riga ya fita, ya girmi aji, a kai shi cibiyar koyon sana'a ta CFM, ko a damƙa shi a hannun kafinta ko bakanike, a riƙa bibiya.

Muna roƙon Mai Martaba Sarkin Damagaram ya kira masu unguwanni da daraktocin makarantu su zauna a fada kafin a koma karatu, kowa ya zo da takardar sunaye. Ku kuma iyaye, in an koma karatu, wata safiya kada ku aiki kowa. Ku bi yaron da kanku har ƙofar aji, ku gaisa da mushensa, ku tambaye shi kwana nawa ɗanku ya yi fashi a watan nan.