Dutsen Kagoro Ya Fi Ƙarfin Rawar Yini Ɗaya

Jama'a, duk wanda ya daɗe a nan Kurmi ya san yadda tasha take cika idan watan Disamba ya raba. Sai ka ga 'yan'uwanmu mutanen Kagoro da Kafanchan da Manchok sun ɗaure kaya, wasu daga Agege, wasu daga Idi Araba, wasu daga Sabo ta Badun, kowa burinsa ranar 1 ga Janairu ta same shi a gida, gama a ranar ne ake bikin Afan a fadar Sarkin Kagoro. To, yau a kan wannan biki nake so mu yi magana, ko kuwa in ce a kan dutsen da ya haifi bikin, domin na lura rawar tana nan da ranta, amma labarin dutsen yana ta bin tsofaffi zuwa kabari.

Ga abin da ya tayar mini da maganar. Wata Asabar na tafi Abeokuta da ɗan maƙwabcina, yaro ne Bakagore amma a Ikko aka haife shi. Muka hau Dutsen Olumo. Mai yi mana jagora ya ba mu labarin yadda Egbawa suka fake a nan wajen 1830 lokacin yaƙe-yaƙen ƙasar Yarbawa, ya nuna mana kogon da suka zauna, da ramukan da matansu suka riƙa niƙa a ciki, har da ɗakin da masu bin addinin gargajiya suke kai hadaya. A mota muna dawowa yaron nan ya maimaita mini labarin kaf, bai zubar da ko kalma ba. Na ce masa, "Madalla ɗana. To dutsen garinku fa, me ka sani game da shi?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai wannan zancen matsafa ne, ba a yi mana shi a gida." Alhali kuwa sau uku ana kai shi Afan, ya ma iya rawar.

Wanda bai taɓa zuwa ba, bari in kwatanta masa. Kagoro tana Ƙaramar Hukumar Kaura a kudancin Jihar Kaduna, tafiya kaɗan daga Kafanchan, mahaɗar reluwe da layin Jos ya tashi daga cikinta tun 1927. Dutsen ya tokare bayan garin, tsayinsa ya haura mita 1,200 daga gaɓar teku, Olumo a gabansa ƙane ne. Mutanen wurin Agworok suke kiran kansu, mu ne da bakin Hausa muka ce Kagoro. Labarin kaka da kakanni ya ce daga gabas suka fito ta wajen tudun Jos, suna yada zango suna tashi, har suka hau wannan dutse suka zauna cikin kogunansa. Dutsen nan shi ne ganuwarsu. Da shi suka gagari dawakin Zazzau da na Jama'a a zamanin kamun bayi, ba su bi su ba har Turawa suka zo da bindiga wajen 1905. Kalmar Afan ɗin kanta, a harshensu, dutse take nufi.

Ba mafaka ce kaɗai ba. A can ne suke ganawa da abin da suke tsoro da abin da suke fata. Sun san akwai Ubangiji a sama, suna ce masa Gwaza, suna kuma da dodon kakanni wanda asirinsa na maza ne da aka shigar. Idan an gama kaka, babban mai tsafi ya yi aikin tsarkake dutsen da kogunan, sa'an nan a ba maharba izini su hau farauta, su sauko da nama a tarye su da kiɗa. Tushen Afan ke nan. Akwai kuma tatsuniyar Katagwan, wani ƙato da ake cewa ya bar sawun ƙafarsa a jikin dutse. Ni ban ce an yi mutum mai wannan girma ba, amma mutanen da suka ga dama su ba jaruminsu irin wannan ƙafa suna gaya mana yadda suke ganin kansu ne.

Sauyi ya zo da Turawan Mishan na SIM, waɗanda makarantarsu ta Littafi Mai Tsarki ta zama babbar makarantar tauhidi ta ECWA a Kagoro. Marigayi Malam Gwamna Awan, wanda ya hau sarauta a 1945 ya riƙe ta shekara 63 har rasuwarsa a 2008, Kirista ne ɗan makarantar Mishan. Da ya so, da ya bar bikin ya mutu. Bai yi haka ba, a zamaninsa ne Afan ya zauna a ranar sabuwar shekara, ya zama taron gari na kowa da kowa. Wannan hikima ce, kuma a gaishe shi da ita. Amma fa da bikin ya sauko fili, sai aka sauko da ganga da kwari da baka, aka bar labarin a sama.

Na san abin da wasu za su ce, gama an sha faɗa mini. Fasto zai ce abin da aka tuba aka bari ba a waiwayarsa. Malam zai ce tonon al'adun jahiliyya ƙofar shirka ce. Ina girmama tsoronsu, kuma ba na kiran kowa ya koma yanka wa dutse kaza. Amma sanin abu daban, bauta masa daban. Ku dubi Kano. Wa ya rubuta mana labarin Barbushe da Tsumburbura a kan Dutsen Dala? Malamai ne Musulmi, da Larabci, cikin Tarihin Kano, kuma ba a ji Kanawa sun bar salla don sun karanta shi ba. Haka Daurawa suke riƙe da rijiyar Kusugu da labarin macijinta, suna nuna wa baƙi ba tare da jin kunya ba. To don me abin da ya zama tarihi a Kano da Daura zai zama abin ɓoyewa a Kagoro?

Mu da muka tashi da kallon fim ɗin Indiya mun sha ganin ɗakunan ibadarsu a kan tsauni. Akwai guda, Kedarnath, na masu bauta wa Shiba, can cikin duwatsun Himalaya a tsayin fiye da mita 3,500, wanda dusar ƙanƙara ke sa a rufe shi kusan rabin shekara. A 2013 ambaliya ta share garin da ke kewaye da shi, dubban mutane suka hallaka a yankin, amma aka gyara hanya jama'a suka koma. Addininsu nasu ne, ba shi na kawo ba. Abin da na kawo shi ne, ko da ruwan ya tafi da ginin, labarinsa ba zai ɓace ba, gama yana rubuce tun zamanin da. Namu kuwa yana cikin kan dattawa ne, su kuma kullum raguwa suke yi. Ga kuma rashin zaman lafiya. Hare-haren da aka kai ƙasar Kagoro a watan Maris na 2022, da na Malagum a Disamba ta shekarar, sun ci rayuka da yawa, sun kuma watsa gidaje. Tsohon da ya yi gudun hijira ba ya zama ƙarƙashin itace yana ba jikoki labari.

Idan kuwa ba mu rubuta ba, to an riga an rubuta mana. A 1912 wani hafsan Turawa mai suna Tremearne ya buga littafi a Ingila a kan mutanen wannan yanki, sunan littafin kansa cewa yake yi masu wutsiya ne mafarautan kawunan mutane. Har yau ɗalibin da ya shiga laburare neman tarihin Kagoro, da wannan zai fara cin karo. Maƙwabtansu na Nok ma sun ga irin tasu. Gumakan yumɓu da aka fara tonowa a 1928, waɗanda suka haura shekara 2,000, 'yan sumoga sun yi ta kwasarsu, har aka wayi gari a 2000 ana baje kolin wasu a Faris. Abin da mai gida ya raina, baƙo ya san kuɗinsa.

To me ya rage gare mu mazauna Kurmi? Mu ne muka ga Olumo, muka ga kurmin Osun na Oshogbo wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2005, a garin da masallatai da coci-coci suka cika. Mu ne kuma muke da ƙungiyoyin gari masu taro kowane wata. Ana tara kuɗin anko, ana tara na hayar mota, ana tara na abin sha. A ware kashi guda daga ciki, a ba samari biyu ko uku masu jin harshen Gworok sosai, su zauna da tsofaffi maza da mata su ɗauki maganarsu. Wayar da ke aljihun kowa ta isa wannan aiki. A rubuta sunan kowane kogo da zuriyar da ta zauna a ciki, da hanyoyin hawa, da waƙoƙin maharba, da harshen Gworok tukuna kana a juya da Hausa da Turanci. A ajiye kofi a fada, kofi a makarantu, kofi wurin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Abin da dattawa suka ce asiri ne a bar musu, ba a yi musu dole, kada kuma wani ya ɗauke shi a ɓoye don ya samu 'yan kallo a intanet.

Kuma ban ce a mai da dutsen kasuwa ba. A Olumo har na'urar hawa aka kafa, ni dai ban ga Kagoro tana bukatar wannan ba. Hanya mai kyau, da 'yan jagora na gari waɗanda suka san abin da suke faɗa, da tsaro, sun wadatar.

Shi kuwa yaron nan na maƙwabcina, na yi magana da ubansa. Da farko ya ɓata rai, daga baya ya ce akwai wata gwaggonsa da ta haura shekara 90, wadda iyayenta a kan dutsen aka haife su. Mun shirya idan sun je gida, kafin a shiga filin rawa, yaron zai kwana biyu a ɗakinta da littafi da biro.