IKKO BA TSIBIRI KAƊAI BA NE

Yawancin 'yan Arewa da ke cewa suna zaune a Ikko, a gaskiya ba a cikin tsohon birnin suke ba, a ƙasar da ta kewaye shi suke, watau wadda a zamanin Turawa ake kira Lardin Koloni. Wannan lardi yana ƙarƙashin Jihar Yamma ne har ran 27 ga Mayu, 1967, lokacin da Gwamnatin Gowon ta haɗe shi da birnin tarayya aka sami Jihar Legas.

Jihar ita ce mafi ƙanƙanta a Nijeriya, kimanin murabba'in kilomita 3,500, kuma babban kaso nata ruwa ne da fadama. Teku ya tare ta daga kudu, Jamhuriyar Benin daga yamma, Jihar Ogun kuwa daga arewa da gabas. An kasa ta yanki biyar: Ikeja, Badagry, Ikorodu, Epe da Ikko kanta. Da yake tsibirin ba ya da wurin faɗaɗa, sai jama'a suka kwarara yankin Ikeja da na Badagry. Can ne Agege take, inda goro da jirgin ƙasa suka zaunar da Hausawa tun tuni, can ne kasuwar Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago.

To, jama'a sun yaɗu, amma rabon ƙananan hukumomi bai bi su ba. Tsarin Mulkin 1999 ya san ƙananan hukumomi 20 ne kawai a Legas, alhali kuwa Kano tana da 44, ko da yake a ƙidayar 2006 jihohin biyu duk sun ɗara miliyan tara. Alimosho ita kaɗai ta haura mutum miliyan ɗaya. Yaya shugaba guda zai kula da magudanar ruwa da shara da asibitin sha-ka-tafi na wannan taro?

A 2003 Gwamna Bola Tinubu ya ƙirƙiro wasu 37. Shugaba Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar, aka je Kotun Ƙoli, wadda a 2004 ta yanke cewa Shugaba ba ya da ikon riƙe kuɗin, amma kuma sababbin ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta shigar da sunayensu. Sai zamanin 'Yar'aduwa aka saki ragowar kuɗin. Su kuwa 37 ɗin suka zauna a matsayin yankunan raya ƙasa, suna karɓar haraji, ba su da kaso nasu na kansu a asusun tarayya.

Akan ɗauki wannan magana rigimar Kudu da Arewa ce, wai ƙarin Legas ragin Kano ne. Wannan gajeren lissafi ne. Mai sayar da tumatir a Mile 12 da mai tumaki a Alaba Rago su ne ke biyan kuɗin rumfa kullum, su ne kuma ke taka taɓo idan damina ta sauka. Ɗan majalisar da ya fito daga Sakkwato ko Katsina, in ya ƙi goyon bayan shigar da waɗannan 37, to, har da mutanen mazaɓarsa ya hana wa hanya da famfo.

Ya kamata sarakunan Hausawa na Agege da sauran zangogi su rubuta wa wakilan jihohinsu na asali a kan wannan batu. Kowane baƙo kuma ya san sunan hukumar da ke karɓar harajinsa, ya yi rajistar zaɓe a nan inda yake kwana.