Tabarmar Uwa Ita Ce Aji Na Ɗaya

Duk wanda aikinsa ya sa shi zagayen makarantu ya san wani abu guda game da sababbin yara. Kafin su yi mako ɗaya a aji, malami mai lura zai iya ware wanda ya taɓa riƙe littafi a gida daga wanda yau ne farkon ganinsa. Ka miƙa wa wannan littafi, ya riƙe shi kai ƙasa, yana kallon bakinka. Ka miƙa wa wancan, ya daidaita shi bisa gwiwa, ya sa yatsa a farkon layi, ya jira. Ba wai na biyun ya fi na farkon kwanya ba ne. Mun sha tambayar irin waɗannan yara wanda ya koya musu, amsar kuwa kusan kullum ɗaya ce, su ce mama.

Yau muna so mu yi magana a kan matan Kirista na ƙasar nan masu goyo da ƙananan yara, domin a gidajensu mun ga wannan abu da yawa. Da dama cikin masu karatunmu katanga ɗaya ce ta raba su da irin wannan gida, suna jin waƙa tana tashi bayan magariba, amma ba su san abin da a ke yi a ciki ba. Ga abin da mu ka gani.

Matar nan takan tashi tun zakara bai sauka ba. Kafin ta hura wuta sai ta durƙusa a bakin gado ta yi addu'a, ta ambaci 'ya'yanta ɗaya ɗaya da sunansu, har da na goye. Sa'an nan shara, ɗiban ruwa, dama kunu, wankan yara, neman takalmin wanda ya ɓace tun jiya. In manomiya ce ta nufi gona, in mai sana'a ce ta nufi kasuwa, in kuwa malama ce ko ma'aikaciyar asibiti ta bi hanya da sauri. Ta dawo ta tarad da tuwon dare yana jiranta. A mako kuma akwai ranar Zumuntar Mata, inda su kan taru da zanensu iri ɗaya, da tulu da kacau-kacau, su yi waƙa, su ji wa'azi, su tara ɗan abin da za a kai wa mai jego ko gwauruwa. Ran Lahadi ta wanke kowa, ta ɗaura wa ƙaramin kuɗin baiko a gefen hankici don kada ya saya alewa da shi a hanya.

To, cikin duk wannan ɗawainiya akwai wani ɗan lokaci da bai fi rubu'in sa'a ba, shi ne ya sa mu ka ɗauki alƙalami. In an gama cin tuwo sai a shimfiɗa tabarma, a kawo fitila. A yi waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi. Uwa ta buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, ta ba babban yaro ya karanta aya biyu ko uku, tana gyara masa in ya yi tuntuɓe. Na tsakiya ya faɗi ayar da ya haddace don makarantar Lahadi. Ƙaramin, wanda bai san ba daga ta ba, yana jingine da cinyarta yana bin yatsanta da ido. Ta tambaye su, wa ya jefa Yusufu cikin rijiya, don me? Su yi ta gardama. A rufe da addu'a, kowa ya nemi makwanci.

Malamai, ku dubi wannan da idon sana'arku. Akwai karatu a fili, akwai gyara nan take, akwai hadda, akwai tambaya da amsa, akwai babba yana jan ƙarami, cikin harshen da yaro ya ke ji, a wurin da ba ya jin tsoron kowa. Duk abin da a ka koya mana a kwalejin horon malamai cewa darasi mai kyau ya ƙunsa, ga shi nan bisa tabarma, ba alli ba allo. Sau nawa mu ke samun haka a ajin da yara su ka cika maƙil har bakin ƙofa?

Amma fa kada mu ɗauka don jarrabawa ta ke yi. In ka tambaye ta za ta ce maka 'ya'yan nan amana ce Allah ya ba ta, ta kuwa tsaya gaban ikilisiya ta yi alkawarin za ta goye su cikin tsoronsa. Za ta kawo maka labarin Timoti, wanda Bulus ya shaida cewa bangaskiyarsa ta fara zama ne a zuciyar kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki. (Wanda ya yi koyarwa a Filato ko kudancin Kaduna ya san yawan 'yan mata masu suna Afiniki a rajista, ga inda sunan ya fito.) Watau karatun boko a wurinta bawan ibada ne. Don haka ne ma ya ɗore. Abin da mutum ya ke yi don sifeto yana zuwa, ran da sifeto bai zo ba ya bar shi. Abin da ya ke yi don Allah, gajiya ba ta cika hana shi ba.

Wannan al'ada tana da asali. Likita Mila na mishan ɗin C.M.S. ya zauna birnin Zariya tun 1905, a 1929 a ka mai da mishan ɗin Wusasa, a 1932 kuma a ka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. A wurare da yawa masu neman baftisma, maza da mata, sai sun zauna aji sun koyi karatu. Ta haka matan ƙauye da ba su taɓa taka makarantar Gwamnati ba su ka iya boko tun kafin a kafa Yaƙi da Jahilci. Kowa ya san mutanen da Wusasa ta goya: Dokta Dikko, likita na farko ɗan Arewa, Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, Janar Yakubu Gowon, wanda ya riƙe ƙasar nan cikin waɗannan shekaru. In ana ba da labarinsu sai a ambaci mishan, a ambaci makaranta, a ambaci Turawa. Matan da su ka yi wanka da goyo da jan kunne kuwa, ba mai lissafa su.

Ba a ƙasarmu kaɗai ba ne. A Ingila an yi wata mata, Suzana Wesli, matar wani limamin coci a ƙauyen Efwot. Ta haifi 'ya'ya 19, tara su ka rasu tun suna jarirai. Mijinta bai iya riƙon kuɗi ba, har a 1705 a ka kulle shi sabo da bashi. A 1709 gidansu ya ƙone ƙurmus, da kyar a ka fid da ɗanta Jon ta taga, yana ɗan shekara biyar. Duk da haka matar nan ta mai da gidanta makaranta. Yaro ya cika shekara biyar, sai ta zaunad da shi ta koya masa baƙaƙe, galibinsu cikin yini ɗaya. Ta ware wa kowane ɗa darensa a mako, ta zauna da shi shi kaɗai su yi zance. Daren Alhamis na Jon ne. Jon ɗin nan shi ya kafa ɗarikar Metodis da ya girma. Amma cikin dokokin gidanta wadda ta fi burge mu ita ce wannan: ba a koya wa yarinya ɗinki sai ta iya karatu sosai. Shekara wajen 300 ke nan da wannan doka, har yanzu akwai gidajen da ba su kai gare ta ba.

Mun faɗi alheri, bari mu faɗi abin da ke damunmu, gama tabarmar nan ta fara naɗewa.

Mai laifi na fari shi ne maigida. Ya ci tuwo ya wanke hannu ya fita majalisa ko gidan kallon ƙwallo, wani ma wurin burkutu, ya bar mace da kwanuka da yara biyar, sa'an nan ran Lahadi ya sa babbar riga ya zauna a layin dattawa. Matar da ta tashi tun asuba, in ƙarfe takwas na dare ta yi, idonta rufewa ya ke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ba zai iya jagorar sujadar ba, ya riƙe jaririn mana, ko ya riƙe fitila.

Su ma shugabannin ikilisiya muna da magana da su, cikin ladabi. Taro ya yi yawa. Yau koyon waƙa, gobe taron kwamiti, jibi kwanan addu'a, gata taron gunduma a wani gari, kowanne kuwa mata ne ke cika shi, su ne kuma ke dafa abincinsa. Mun taɓa zuwa wani gida da dare mu ka tarad da yara huɗu su kaɗai, babbarsu ba ta wuce shekara tara ba, tana fama da murhu, uwa tana coci tun la'asar. Ba mu ce ibada laifi ce ba. Amma fasto da ya ga mai goyo ba ta zo taron dare ba, ya kamata ya yi mata zaton alheri, watakila tana can tana yin aikin da ya fi.

Sai kuma mu kanmu 'yan boko, mu da mu ka sa wa iyaye cewa Hausa koma baya ce. Yanzu za ka ga uwa wadda ta iya karatun Hausa tsaf ta ajiye littafinta, ta sayi na Turanci wanda ita kanta da kyar ta ke bi, don makarantar kuɗi ta ce kada a yi wa yaro Hausa a gida. Sai yaro ya haddace aya da Turanci, ya zuba ta kamar aku, ka tambaye shi ma'anarta ya sunkuyar da kai. Daga nan uwa ta ji kunya, ta daina, ta miƙa masa waya ya yi ta kallo har barci ya ɗauke shi. An yi asarar Hausar, ba a kuwa sami Turancin ba. Abin da mu ka sani daga aji shi ne, yaron da ya iya karatu da harshen da ya ke ji, in ya zo Turanci aiki ɗaya ya rage masa, watau koyon harshen. Wanda a ka fara masa da harshen da bai sani ba, aiki biyu a ka aza masa gaba ɗaya.

Maganar nan ta ƙara nauyi yanzu. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta yarda a riƙa koyarwa da harshen gida cikin shekaru shida na firamare. A watan Nuwamba na 2025 ta soke wannan, ta ce a koma Turanci tun daga farko. Ko mutum ya yarda da hukuncin ko bai yarda ba, ma'anarsa a fili ta ke: yara da yawa, in ba a gida ba, ba inda za su fara karatu da harshen da su ke mafarki da shi. Mun san kuwa yawancin matan da mu ke magana a kansu Hausa ba ita ce harshen kakanninsu ba. Akwai Angas, da Birom, da Bajju, da Tangale, da Bura, da sauransu, Hausa harshen coci ce da kasuwa. Inda a ka fassara Sabon Alkawari da harshenta, ta karanta musu da shi, ya fi. Inda babu, Hausar da yaro ke ji a tsakar gida ta wadatar.

Kada kuma mu rufe ido ga laifin da ke kan tabarmar kanta. Wata uwar bulala na gefenta, yaro ya manta aya ta tsula masa, har ya riƙa ƙin littafin. Wata kuma da an zauna sai ta ta da 'yar macen ta je ta wanke tukunya, maza su yi karatu. Tukunya ba ta gudu, a bar yarinya ta zauna.

Abokanmu Musulmi masu karanta wannan ba baƙi ba ne ga zancen. Wanda ya tashi yana jin uwarsa ko kakarsa tana biya masa karatun allo bayan isha ya san daɗin abin, ya kuma san yadda waya da talabijin su ke cinye wannan lokaci a nasa gidan.

Ga roƙonmu ga malaman firamare, musamman masu aji ɗaya da na biyu. Ran taron iyaye, ku daina ce wa mata su bar yi wa yara harshen gida. Ku tambayi kowace uwa ko ta iya karatu, da wane harshe, wane littafi ke ɗakinta. Wadda ta ce Littafi Mai Tsarki da na waƙoƙi kaɗai gare ta, ku ce mata sun isa a fara. Ku nuna mata yadda za ta sa yatsan yaro ƙarƙashin kalma, ta bar shi ya gwada kafin ta faɗa masa. In makaranta tana da 'yan littattafan labarai na Hausa da ke kwance cikin kabad ƙura na cinsu, a rubuta sunan uwa a ba ta aro ran Jumma'a, ta maido ran Litinin.