Salsala Ba Ta Cika Sai Da Sunan Uwa

Idan aka tambayi ɗalibin sakandare a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun ya lissafo kakanninsa, sau da yawa zai jero su ba gargada: wane ɗan wane ɗan wane, har zuwa kaka na huɗu ko na biyar. Amma da za a ce ya faɗi sunan matar da ta haifi kakarsa ta wajen uwa, da garin da aka auro ta, da ciwon da ya yi ajalinta, to nan fa ake yin ta. Wannan shiru giɓi ne babba a tarihin gidaje, kuma ilimin halittu ya nuna cewa giɓin ya shafi lafiyar 'ya'yan da za a haifa gobe. Saboda haka ya kamata makarantun wannan yanki su koya wa ɗalibai binciken salsala ta ɓangarorin nan biyu, su kuma nuna musu inda takardun suke tun kafin gara ta gama da su.

Lissafin abin ba wuya gare shi. Kowane mutum yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, sa'an nan 16, sa'an nan 32. Salsalar wane ɗan wane mutum ɗaya kacal take ambata a kowane hawa. Ke nan wanda ya san kakansa na hawa na biyar ya san 1 cikin 32, sauran 31 sun ɓace masa. Shi kuwa jiki ba ya yin wannan zaɓe. A cikin ƙwayar halittar ɗan Adam akwai zarurrukan gado 46 da ake kira kuromosom. 23 sun zo daga uba, 23 daga uwa. Tun 1866 Gregor Mendel ya bayyana, bayan gwaje-gwajen da ya yi a kan wani irin wake, cewa siffa tana iya ɓoyewa a wani hawa ta sake ɓullowa a na gaba. Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma abin lura, uwar ya ambata.

Babban misali shi ne amosanin jini, wato sikila. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayar gadon wannan ciwo ba tare da ya yi ciwon ba. Shi ne ake ce wa mai jinin AS. Idan mai AS ya auri mai AS, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS, wanda zai sha fama da ciwon ƙashi da ƙarancin jini. 'Ya'yan wa da ƙane kuwa sun yi tarayya a kimanin kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu, don haka a gidan da ake yawaita auren zumunci ɓoyayyiyar ƙwaya ta fi saurin haɗuwa da 'yar'uwarta. Idan tsohuwa ta ce wance ta yi wabi, ta binne 'ya'ya huɗu kafin a sami Ajuji, tambayar da ta dace ita ce: da wace alama suka rasu? Zazzaɓi ne, ko ƙyanda, ko kuwa kumburin hannu da ƙafa da rawayar ido? Amsar ba ta ɗauke wa kowa gwajin jini a asibiti, amma tana gaya wa gida cewa lokacin gwajin ya yi, tun kafin a sa rana.

To, ina za a samo sunayen matan da baki ya manta? Wuri na farko shi ne kundin rabon gado na kotun alƙali. Shari'ar Musulunci ta yanka wa mata rabo sananne: matar mamaci tana da tumuni idan ya bar 'ya'ya, rubu'i idan bai bari ba, mahaifiyarsa tana da sudusi idan akwai 'ya'ya, 'ya mace tana da rabin rabon ɗan'uwanta namiji. Alƙali ba ya iya raba dukiya sai an lissafo magada duka, shi ya sa a shafin da muhuti ya rubuta ake iya samun matan aure da 'ya'ya mata da uwa, tare da gona da shanu da bashi. Haka nan shari'ar aure da ta saki takan ambaci waliyyi da garin da mace ta fito. Da yawa daga tsofaffin kundayen da Larabci ko ajami aka rubuta su, don haka malamin Arabiyya yana da aiki a wannan bincike daidai da malamin kimiyya.

Wuri na biyu shi ne takardun mulki. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Mafara da Bakura da Maradun sun zama gundumomi a Lardin Sakkwato, ƙarƙashin Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Kayan Maradun. Di'o-di'o sun riƙa zagaya gundumomin lardin suna rubuta rahoton ƙiyasin haraji, da jerin ƙauyuka da dagatai, da sana'o'i, da asalin mazauna. Irin waɗannan fayiloli na Lardin Sakkwato suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ƙarƙashin lambar SOKPROF. A Kadunan kuma akwai Arewa House, wadda aka kafa a 1970 a gidan marigayi Sardauna. A Sakkwato akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, da kundayen digiri na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda ɗalibai suka yi ta rubuta tarihin garuruwansu. Dalilin zuwa Sakkwato a fili yake: sai ranar 1 ga Oktoba, 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, kafin nan can ce hedikwata. Mai neman sarakunan Zamfara na dauri kuma yana iya duba littafin da Bajamushe Kurt Krieger ya buga a 1959.

Wuri na uku na wannan yanki ne shi kaɗai. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, ta tashi dubban mutane daga gidajensu da gonakinsu, aka sake musu matsuguni, aka kuma sake yanka filayen noman rani a ƙasar Mafara da Bakura. Rikicin diyya ya kai ga zubar da jinin manoma a watan Afrilu na 1980. Aikin biyan diyya da rabon filaye ya tilasta rubuta sunayen masu gonaki ƙauye-ƙauye, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Ga gidan da tsohon mazauninsa ke ƙarƙashin ruwa a yau, irin wannan jeri yana iya zama shaidar ƙarshe ta inda kaka ya yi noma, da waɗanda suka yi iyaka da shi.

Sai dai takarda ba wahayi ba ce. Malamin haraji mai gida yake nema, kuma mutane sun sha ɓoye 'ya'ya da shanu don gudun haraji da jangali. Bature yakan rubuta suna yadda kunnensa ya ji. Bugu da ƙari, alkunya takan hana mace faɗin sunan mijinta ko ɗan farinta, sai laƙabi ya danne sunan yanka: Talatun da ake labari a gida tana iya zama Hauwa'u a kundin alƙali. Rajistar haihuwa ta dole ma an daɗe kafin a yi mata dokar ƙasa baki ɗaya. Maganin wannan shi ne abin da ake yi a ɗakin gwaje-gwaje: kada a karɓi sakamako sai hanya biyu sun tabbatar da shi. Idan tsoho ya ce an haifi wance shekarar yunwar Kakalaba, a rubuta wajen 1914. In ya ce 'Yar Buhu, 1927. Zuwan jirgin ƙasa Ƙauran Namoda, 1929. Babban fari, 1973. Sanƙarau mai tsanani, 1996. Daga nan sai a gwada da takarda.

Akwai masu ganin wannan aiki tone-tone ne, kuma damuwarsu abin saurare ce. Kundin alƙali yana iya fito da bauta, ko saki mai muni, ko rigimar gona da aka riga aka binne. Labarin ciwo kuma yana iya sa a guji 'yan matan wani gida. Amma jahilci ya fi yin wannan ɓarna. An daɗe ana ƙyamar auren zuriyar kutare, alhali kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ba a gadonta, kuma tana warkewa da magani. Mai AS lafiyarsa ƙalau, zai kuma iya auren mai AA ba tare da fargabar haifar mai SS ba. Abin da ya wajaba shi ne amana: abin da ɗalibi ya gano na gidansu ne, malami ya duba yadda aka yi aikin kawai, kada a karanta asirin kowa a gaban aji.

Aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Littafin rubutu guda ya isa. A hutun zango, ɗalibi ya zauna da kakarsa, ita ce farko, domin mata su suka fi riƙe labarin aure da haihuwa da goyo. Ya zana kakanni 8 na hawa na uku, mace da'ira, namiji murabba'i, kamar yadda masana gado ke yi. A ƙarƙashin kowa ya sa sunan yanka da laƙabi, da gari, da sana'a, da yawan 'ya'ya, da sanadin rasuwa. Inda baki ya tsaya, malami ya rubuta masa takardar gabatarwa zuwa ga magatakardan kotu ko fadar hakimi. Ƙananan hukumomin uku da masarautunsu kuma su sa a ɗauki hoton kowane tsohon kundi, a ajiye kwafi a Gusau da Sakkwato.

Jinkiri a nan asara ce. Hare-haren 'yan bindiga na shekarun bayan 2011 sun watsa ƙauyuka da dama a Zamfara, kuma mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar akwatin takardu. Tsofaffin da suka ga tsohon Maradun kafin ruwan Bakolori ya taso suna raguwa kowace shekara. Ɗalibin da kakarsa ke raye ya je ya gaishe ta a wannan hutu, da biro da littafi a hannu, ya fara da tambayarta sunan mahaifiyarta.