Kafin Mu Ɗaura Takalmin Gudu Don Tsofaffin Roni



Tun da aka kawo shawarar shirya gudun fanfalaki a Roni don tara kuɗin kula da tsofaffi marasa galihu, zauren nan ya rabu gida biyu. Wasu sun ce abin 'yan birni ne, kwaikwayon Turawa ne kawai, a ƙasar da mutum zai taka da ƙafa zuwa gona ya dawo da dami a kai, wa zai ɗauki gudu a matsayin aikin lada? Wasu kuwa har sun fara gardama kan launin rigar da za a buga. Wani ɗan uwa ya ba mu dariya da ya ce shi bai taɓa gudu ba sai ranar da ƙudan zuma suka biyo shi. To, dama Bahaushe ya ce in ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. A ganinmu sa gudun ya daɗe da zuwa, yana nan kwance kan tabarma a ɗakunan da ba mu leƙawa.

Ra'ayinmu shi ne a yi gudun. Amma da sharaɗi: kuɗin da za a tara ya tafi ɗakunan tsofaffin nan inda suke, kuma a rubuta yadda za a kashe shi a fili tun kafin mutum ɗaya ya ɗaga ƙafa.

Bari mu fara da wadda ake maganar dominta. A unguwarmu akwai wata tsohuwa, kowa Iya yake ce mata. Shekara uku ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita. 'Ya'yanta maza biyu, ɗaya yana Legas yana tura baro, ɗayan yana tafiya cirani da an gama girbi. Ba marasa imani ba ne, suna turo abin da ya sawwaƙa. Mai jinyarta jikarta ce, yarinyar da ba ta wuce shekara goma sha uku ba, kuma tun da kakar ta kwanta ta daina zuwa makaranta sai jefi-jefi. Yarinyar nan ba ta da ƙarfin juya babban mutum ita kaɗai, babu kuma wanda ya taɓa gaya mata cewa mai kwance sai an riƙa juya shi kusan duk bayan awa biyu, in ba haka ba fatar baya da ta ƙugu za ta ɓare ta zama gyambo. Gyambon ya fito. Ranar da muka shiga gaida ta, warin ɗakin ne ya fara tarbarmu, sai Iya ta kawar da kai tana ba mu haƙuri, kamar ita ce ta yi laifi. A gidan akwai hatsi. Abin da babu shi ne wanda ya san yadda ake wanke gyambo, da leda mai kauri a shimfiɗa, da katifa, da wani babba da zai karɓi yarinyar na awa uku ta je aji.

Duk wanda ya girma a Amaryawa ko Zugai, Gora ko Dansure, in ya rufe ido zai tuna da irin wannan ɗaki a garinsu. Mun saba cewa mu ba ma yar da iyayenmu, kuma gaskiya ne, abin alfahari ne. Sai dai gandun da ke riƙe da tsoho a da, inda 'ya'ya da jikoki da surukai ke cin tukunya ɗaya suna karɓa-karɓar jinya, ya watse a gidaje da yawa. Gona ta rarrabu, samari sun nufi Kano da Abuja da Kudu, nauyin ya koma kan mace ɗaya, yawanci suruka mai goyo ko 'yar jika. Mafi tsanani su ne tsofaffin da ba su haihu ba, ko 'ya'yansu suka riga su. In kuma tsufa ya taɓa ƙwaƙwalwar tsohuwa ta fara sambatu tana fita da dare, maimakon a gane ciwo ne sai ka ji an fara raɗa wai mayya ce. Wannan abin kunya ne da ya kamata mu faɗa wa kanmu.

Gwamnati ba ta zauna haka kawai ba, a ba ta haƙƙinta. Tun 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan naƙasassu naira 7,000 duk wata, gwamnatin Umar Namadi kuma ta ƙara da shirin biyan tsofaffi marasa galihu, mutum 20 daga kowace mazaɓa cikin mazaɓu 287 na Jigawa. Roni tana da mazaɓu 11, ke nan mutum 220. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar nan mutane sama da dubu 77, kuma kowa ya san an ƙaru sosai tun daga lokacin. Ku auna da kanku. Sannan kuɗi a hannu, ko da ya isa, ba ya juya mai kwance, ba ya auna hawan jini. Kwamitin zakka na Masarautar Kazaure ma yana ƙoƙari wajen raba hatsi, Allah ya saka. Giɓin da ya rage shi ne na hannun da zai shiga ɗaki.

Shi ya sa ba mu goyi bayan masu cewa a tara kuɗin a gina gidan gajiyayyu irin na Shahuci da ke Kano ba. Gini yana da daɗin nunawa, ana yanka zare, ana ɗaukar hoto. Amma ginin da za a tara wa kuɗi rana ɗaya, wa zai ciyar da mazaunansa kwana 365, ya biya mai gadi da mai dafa abinci da ma'aikacin jinya shekara bayan shekara? Ku kuma tambayi kowane tsoho a Roni ko zai yarda a ɗauke shi daga ɗakin da ya saba, nesa da masallacin unguwarsu da majalisar sa'o'insa, a kai shi cikin baƙi. Zai ce gara ya mutu a kan tabarmarsa. 'Ya'yansa ma ba za su yarda ba, don gorin gari kaɗai ya ishe su. Kuɗin bulo da kwano na ɗaki goma zai iya riƙe tsofaffi masu yawa a gidajensu na tsawon lokaci.

Me kuɗin zai yi ke nan? Muna da yara maza da mata da suka gama kwalejin kimiyyar lafiya ta Jahun da makarantun jinya suna zaune a gida ba aiki. A ɗauki wasunsu, mace ga mata, namiji ga maza, a ba su ɗan alawus da kuɗin man babur, kowa a ba shi gidaje ƙididdigaggu da zai riƙa zagayawa sau ɗaya ko biyu a mako. Ya auna jini da suga, ya wanke gyambo, ya duba ko maganin hawan jini ya ƙare, ya koya wa mutanen gida yadda ake ɗaga mara lafiya ba tare da an karya bayan kai ba. In abin ya fi ƙarfinsa ya tura asibiti da wuri. Sauran kuɗin ya tafi kan ƙananan abubuwan da ke da babban tasiri: katifa da leda, sandar dogarawa, keken guragu da za a riƙa ba da aro ana dawowa da shi, bargo da hunturu don tsoho ya daina kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki, da liƙe rufin da ke yoyo kafin damina ta faɗi. Ga kuma yanar ido. Akwai dattawan da ke zaune a duhu shekara da shekaru, jika na ja musu sanda, alhali ɗan aikin da ba ya ɗaukar awa guda zai dawo musu da gani. Sau da yawa kuɗin mota da wanda zai raka su ne kaɗai ya tsaya.

To me ya kawo gudu cikin wannan? Me zai hana a buɗe asusu kawai kowa ya jefa? Mun gwada, kun sani. Ana saka lambar asusu, mutum goma su tura, saura su danna alamar yabo su wuce. Amfanin gudu shi ne yana mai da kowane mai gudu mai karɓar taimako daga mutanensa. Ga yadda ake yi: kai da za ka yi kilomita 10, sai ka nemi mutum 20 cikin 'yan uwa da abokai da iyayen gidanka, kowa ya yi alkawarin naira 200 a kan kowace kilomita da ka cinye. Kowannensu naira 2,000 ke nan, kai kaɗai ka kawo 40,000. In aka samu masu gudu 100, an tashi da naira miliyan 4 ba tare da an durƙusa gaban wani babban mutum ba. Da irin wannan dabara gudun Landan, wanda aka fara a 1981, ya tara wa ƙungiyoyin agaji sama da fam biliyan 1. Mutum yana iya share saƙon neman taimako a waya, amma da wuya ya share ƙaninsa da ya gani yana atisaye kullum da asuba.

Masu cewa baƙon abu ne kuwa, mu tuna da 2015, lokacin da wani matashi ya taka da ƙafa daga Legas zuwa Abuja don murnar cin zaɓen Buhari. Daga nan tattaki ya zama yayi a Arewa, yau wannan ya taka don gwamna, gobe wancan don sanata. Ba mu ji an ce kwaikwayon Turawa ba ne. Ƙafar da ta iya takawa don ɗan siyasa za ta iya don wadda ta goya mu.

Sai dai kada zumuɗi ya kwashe mu. Cikakken gudun ya da ƙanin wani kilomita 42 ne da mita 195, masu yin sa a Legas tun 2016 watanni suke yi suna shiri, kuma yawanci 'yan Kenya da Habasha ne ke lashewa. Wanda bai taɓa gudun kilomita biyar ba in ya faɗa wannan, shi za a koma tara wa kuɗin jinya. A fara da kilomita 10 ga matasa, da tattakin kilomita 3 ga dattawa da yara da duk mai so. A sa shi cikin hunturu, Disamba ko Janairu, bayan an gama girbi kuma hannun mutane da ɗan abu, a tashi da an idar da sallar asuba a gama kafin rana ta yi ƙarfi. Ƙasarmu ta tuddai ce, a zaɓi hanyar da hankali, a ajiye ruwa a kan hanya, a sa motar asibiti a baya. Mata kuma a tsara musu nasu tattakin cikin sutura da mutunci yadda iyaye da mazaje za su aminta, don su ne ke ɗauke da jinyar nan, bai dace a yi taronta babu su ba.

Inda muka fi jin tsoro shi ne kuɗin. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mun ga tarukan da aka tara dubu ɗari biyar, rumfa da kujeru da lasifika da abincin manyan baƙi suka cinye dubu ɗari huɗu. Mun ga rigunan taimako ɗauke da fuskar mai neman takara ta fi sunan abin da ake taimakawa girma. Ɗan siyasar da zai bayar ya bayar, mun gode, amma hotonsa ya zauna a gida. Ko a Ingila ba su tsira ba. A 2020 Kyaftin Tom Moore, dattijo ɗan shekara 99, ya zagaya lambun gidansa sau 100 yana dogara keken tafiya, ya nemi fam 1,000 aka tara masa sama da fam miliyan 32 don ma'aikatan lafiya, kuma wannan kuɗin ya isa inda aka nufa. Amma gidauniyar da aka kafa da sunansa daga baya, hukumar sa ido kan ƙungiyoyin agaji ta bincike ta, a 2024 ta ce 'yarsa da mijinta sun amfana da ita don kansu. Idan haka ta faru a ƙasar da ke da hukuma mai haƙori, mu da za mu dogara da amana sai mun ɗaure akuyarmu da kyau. Asusu ya kasance na banki, mai sa hannun mutum uku da ba dangin juna ba, cikinsu har da mace. Kuɗin shirya taron a nemo shi daban, kada a taɓa na tsofaffi. Duk ƙarshen wata a liƙa abin da ya shiga da abin da ya fita a nan zauren, har kuɗin man babur.

Wani malaminmu ya ja hankali kan riya, ya ce sadakar da aka yi da ganga ladarta na cikin haɗari. Maganarsa abin dubawa ce. Amsarmu ita ce a bayyana gudun, a ɓoye wanda aka taimaka. Kada mu ga hoton Iya ko waninta a Facebook tana riƙe da ƙullin shinkafa, wani ƙato na murmushi a gefenta. Sunayen masu amfana su tsaya a hannun kwamiti da masu unguwanni da limaman da suka tantance su, mu dai a ba mu adadi da mazaɓa.

Aikin farko ba ya buƙatar ko kwabo. Muna roƙon kowace mazaɓa cikin 11 ta fitar da mutum biyu, mace da namiji, su zauna da masu unguwanni su ƙirga tsofaffin da ke kwance da waɗanda ba su da mai kula da su, a rubuta abin da kowanne ya fi buƙata. Da wannan lissafin za mu san ko miliyan nawa muke nema, da yawan masu gudun da za su kawo ta. 'Yan uwanmu na Kazaure, Gwiwa, 'Yankwashi da Babura da ke cikin zauren nan, ƙofa a buɗe take, in ya yi kyau a Roni baɗi sai a kai shi wajenku. Wanda zai wakilci mazaɓarsa ya sanar da shugabannin zaure kafin Juma'a mai zuwa. Mai tsoron zuma kuma mun riga mun rubuta sunansa a layin kilomita 3.