Takunkumin da Ya Bar Janar Ya Kama Kawuna

A aji uku na sashen nazarin tattalin arziki aka koya mana cewa takunkumi hanya ce ta matsa wa gwamnati lamba ba tare da zubar da jini ba. Haka na rubuta a jarrabawa, aka kuma ba ni maki. Da na koma Jibiya hutu a daminar 2023, sai na ji kunyar makin nan.

Ranar 26 ga Yulin shekarar sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai, Janar Abdourahamane Tchiani ya karɓi mulki. Bayan kwana huɗu shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja, suka rufe iyakoki, suka dakatar da ciniki da hada-hadar kuɗi. Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi. Ban goyi bayan juyin mulki ba, ba kuwa zan goya ba. Amma wa aka yanke wa wutar? Fadar shugaban ƙasa ba ta rasa janareto. Mai injin niƙa da tela da asibitin da ke ajiye magani a firji su ne suka kwana cikin duhu.

Kawuna direban babbar mota ne, yana ɗauko wake da dabbobi daga Maraɗi, ya kai musu masara da kayan masarufi. Matarsa ma 'yar can ce. A wurinmu wannan ba abin faɗa ba ne, domin zuriyar sarakunan Katsina ce ta kafa Maraɗi bayan jihadi, har yau kuma sarautarta ta Sarkin Katsina ce. Layin da Ingila da Faransa suka ja a tsakaninmu ƙarami ne a kan zumuncinmu. Wata da watanni motar kawuna tana ajiye, bashin da ya ci ya saye ta yana tafiya.

Abin takaici, iyakar ma ba ta rufu ba. Tsawonta ya kai kusan kilomita 1,500, ba ƙofar gida ba ce da za a sa wa kwaɗo. Kaya suka koma bin hanyoyin daji a kan babura, masu tare hanya suka ƙara abin da suke karɓa, mai saye ya biya duka. An riga an ga irin wannan lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, shinkafa ta yi tsada, 'yan fasa-ƙwauri suka yi ƙiba. Ko ba a karanta rahoton komai ba, tambayar ɗan kasuwa ɗaya a Illela ko Maigatari ta isa.

Za a ce mini, to a naɗe hannu ke nan? A'a. ECOWAS ta hana sojojin tafiye-tafiye, ta kuma riƙe dukiyoyinsu. Da ta tsaya nan, da hukuncin ya faɗa kan mai laifi. Da kuma ta ɗaga murya a 2020, lokacin da Alpha Condé ya sauya tsarin mulkin Gini don neman wa'adi na uku, da talakan Yamai ya yarda cewa dimokuraɗiyya take karewa. Maimakon haka sai ta ba sojoji abin da suka fi buƙata: abokin gaba na waje da za su ɗora wa alhakin yunwar jama'a.

Ranar 28 ga Janairun 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewarsu daga ƙungiyar. Ranar 24 ga Fabrairu ECOWAS ta janye yawancin takunkumin, Bazoum yana nan a tsare, Tchiani yana kan kujera. Kafin ranar kawuna ya riga ya sayar da motar ya biya bashi. Yanzu ta wani yake tuƙawa, ana biyansa kuɗin lodi.