Takardar Fili Ba Ta Ganin Ƙarƙashin Ƙasa

Maganar da dillalan filaye ke ta yayatawa a Tamale 'yan kwanakin nan, wai duk wanda ya riƙi takardar sarkin da ya yanka masa fili, ya kuma sami hatimin Hukumar Filaye, to cinikinsa ya kammala, kuma wai auna ƙasa kafin saye bidi'a ce ta Turawa da almubazzaranci, magana ce wadda ba ta da madogara a hankali, balle a shari'a. Takarda tana faɗa maka wane ne mai fili da inda iyakarsa ta tsaya, amma ba ta da labarin abin da aka binne a cikinsa.

Duk wanda ya bi hanyar Bolgatanga, ko ta Kumasi, ko ta Yendi, ya san yadda gidajen mai suka yi jere, ya kuma san cewa idan ɗaya ya mutu, abin da ido ke gani shi ake cirewa, watau famfo da rumfa, a malale wurin da siminti a ɗora shaguna, alhali kuwa babu mai tambaya ko an tono tankin ƙarfen da ke ƙasa. Ƙarfen da ya sha damina bayan damina dole ya yi tsatsa ya huje, ragowar fetur ya tsiyaya ya gangara har ya sadu da ruwan ƙasa, ɗauke da sinadarin benzin wanda likitoci suka tabbatar yana haddasa sankarar jini. Ga kuma baƙin man da makanikan Lamashegu da wasunsu suka daɗe suna tuttulawa a ƙasa. Wannan kuwa a garin da ruwan famfon da ake turowa daga Dalun ba ya isar jama'a, har mutane suka koma ga rijiyoyi da burtsatse.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, yawancin masu wannan magana mutane ne da ba sa fashin sahun farko. Yaron da ya fara karatun fiƙihu a Zangon Hausawa ya san cewa ruwan da launinsa, ko ɗanɗanonsa, ko warinsa ya jirkita da abin da yake rabuwa da shi bisa al'ada, ba ya halatta a yi alwala da shi, kuma malaman mazhabar Malikiyya, tun daga Risala har Muhtasar, sun zayyana cewa ɓoye aibin haja algus ne, mai saye yana da haƙƙin mayar da ita idan aibin ya bayyana. To wane aibi ne ya kai tankin mai a ƙarƙashin filin da za a gina makaranta ko gidan abinci? Dillali dai la'adarsa ce a gabansa, ranar da ya karɓe ta ya shafa fatiha ya yi gaba, kuma na daɗe ina faɗa cewa sana'ar da kowa ke shiga ba tare da rajista ko lamuni ba, ita ce tushen rabin rigingimun filaye a garin nan.

Suna cewa awon yana da tsada. Wanda ya iya ƙirga dubban sidi ya sayi fili a bakin titi, bai kamata a saurari kukansa kan ladan masanin da zai binciki tarihin wurin, ya haƙa 'yan ramuka, ya kai ƙasa da ruwa ɗakin gwaji ba. Suna cewa Allah ne mai tsarewa, kamar dai tawakkali ya taɓa zama hujjar sakaci. Ranar 3 ga Yuni 2015, man da ya malalo daga gidan mai ya bi ruwan ambaliya a dandalin Kwame Nkrumah da ke Ankara babban birni, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka halaka, kuma su ma bayin Allah ne.

Doka ba ta yi ƙaranci ba, domin an kafa Hukumar Kare Muhalli tun 1994, aka yi ƙa'idojin auna tasirin ayyuka ga muhalli a 1999, aka kuma kafa Hukumar Man Fetur ta Ƙasa a 2005. Illa dai tsohon ciwonmu na nan, wanda ya samo asali tun zamanin da Turawan mulki suka mayar da Arewa matattarar leburori don ma'adinai da gonakin koko na Kudu: abin da ya sami babban birni shi ne musiba, abin da ya sami yankinmu na Dagbon kuwa sai a jira.

Saboda haka wajibi ne Majalisar Birnin Tamale ta hana izinin gini a kan duk filin da aka taɓa sayar da mai ko gyaran mota sai an kawo shaidar cewa an tono tanki an auna ƙasa, sarakunan da amanar ƙasa ke wuyansu su shardanta haka kafin su sa hannu, limamai kuma su faɗa a kan mumbari cewa kuɗin filin da aka ɓoye aibinsa haram ne.